Zuwa ga Fatoman Tamanrasset, Bawan Kanawa

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa, wadda ake yi daga kishingiɗe. Ina fata kana lafiya, kai da katifunka, da butocin da ka jera a bakin banɗaki, da tankin ruwan nan da aka ce kwaɗo biyu ka sa masa. Ya sanyin Hoggar? Ya kewar Damagaram? Ka gaishe mini da uwargida. Ita kam ba ta da laifi, ƙaddara ce ta haɗa ta da Badamagare.

Labari ya iso mu har Kantin Kwari cewa ka zama mai otal. Kai ɗin nan! Kai da ka bar Zinder da buhu ɗaya da rediyo mai ɗaurin roba, yau kai ne yara ke kira manaja. An ce ka kama hayar gidan wani Buzu a unguwar Tahaggart, ka cusa iyalinka a ɗaki ɗaya, sauran ɗakunan ka shimfiɗa katifu kana karɓar kuɗin kwana. Har tallan da ka sa a Facebook da Ouedkniss an turo mini. Na ga hoton fitowar rana a kan Assekrem, duwatsu sun yi ja, abin gwanin sha'awa. Sai dai ka manta ba ka gaya wa mutane cewa tsakanin gidanka da Assekrem tafiyar kusan kilomita 80 ce ba, kuma sai da mota mai ƙarfin hawan dutse. Wanda ya ga tallan zai zaci da ya buɗe taga zai gaisa da dutsen, alhali abin da tagar ke kallo garejin gyaran Toyota ne da akuyar maƙwabci.

Ban ga laifinka a nan ba. Ciniki ne, mu muka koya muku, kuma ɗalibi in ya nuna ƙoƙari ana yaba masa. Garin ma na neman masauki. Daga Oktoba zuwa Afrilu baƙi ba sa yankewa, ga mutanen arewacin Aljeriya da ke kwararowa ƙarshen Disamba don su ga sabuwar shekara a kan dutse, ga 'yan kasuwar da baje kolin Assihar ke tarawa daga Nijar da Mali. Wanda ke da ɗaki a irin wannan gari bai yi wauta ba in ya ce zai ci abinci da shi. Abu ɗaya na tambaye ka a waya, na ce Fatoma, takarda fa? Sai ka yi irin dariyar nan taku ta mutanen Birni, ka ce, "Baƙon Allah ne, tun yaushe ake neman izini kafin a sauki baƙo?"

Baƙon Allah da ake karɓar dinari a hannunsa tun bai kwance rawani ba. To, tunda ka kawo zancen da, zauna in ba ka tarihi, don na san a lakkol ba ka wuce ajin da ake rera waƙa ba.

Ba a taɓa yin zamanin da baƙo zai shigo garin Hausa ya kwana ba da sanin kowa ba. Ayari in ya iso, a zango yake yada kaya. Buzaye da raƙumansu a Fagge suke sauka a nan Kano, ku ma unguwar Zangon Zinder abin da ya kafa ta ke nan, a wajen ganuwar Birni. Falke kuwa gidan fatomansa yake nufa, kuma fatoma ba mai katifa ba ne kawai. Ya san sunan baƙonsa, da na ubansa, da garin da ya fito, da abin da ya ɗauko. Shi ke ajiye masa kaya da kuɗi, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa in an ci bashi. In baƙo ya yi ɓarna, fatoma ake kira fada. In ya mutu, fatoma ne zai san inda za a aika da gadonsa. Mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, in baƙon mai nauyi ne har Sarki sai ya sani. Baturen nan Barth, da ya sauka Kano a 1851 ya kuma sauka Zinder a ƙarshen 1852, kana jin a kasuwa ya kwana? Masauki aka ba shi da sanin fada, shi ya sa har gobe kuke nuna wa baƙi wurin a cikin Birni kuna taƙama. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafi a 1969, ya nuna yadda masu gidajen da ke saukar da fataken shanu da na goro ba kuɗin ɗaki suka dogara da shi ba, la'adar ciniki suke ci, jarinsu kuwa amana ce da sanin mutane. Wato kakanninmu rajista suke yi, a ka suke riƙe ta. Kai kuwa ka ɗauki sunan fatoma ka bar aikinsa. Na tambaye ka sunan mutumin da ya kwana a ɗakin tsakiya, ka ce, "Wani dogo ne mai baƙar jaka."

Baƙo ɗaya na sani daga wajenku da ya taso wa Kano bai aiko an sanar da mai unguwa ba, shi ne Sarkinku Amadu Kuran Daga a zamanin Sarki Alu. Ka san yadda ta ƙare: bai kwana a cikin birni ba. Na sani, na sani, ku ma kuna da yadda kuke ba da labarin a Zinder, har da ƙarin gishiri. Ka riƙe naka, shafin nan nawa ne.

Yanzu ga abin da hukumar Aljeriya ta ce, ba ni na ce ba. Akwai doka mai lamba 08-11, ta ranar 25 ga Yunin 2008, wadda ta tsara shigar baƙi 'yan ƙasar waje da zamansu da zirga-zirgarsu. Sashe na 29 ya ce duk wanda ya saukar da ɗan ƙasar waje, ko sana'arsa ce ko ba sana'arsa ba, ko da kuɗi ko a kyauta, dole ya sanar da ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Inda babu komsariya sai ya je wurin jandarma ko ofishin baladiya. Ka lura da kyau, Sarkin Katifa, dokar ba ta ware ɗan'uwa ba. Ƙanen matarka da ya taho daga Magarya, da ɗan ƙanwar babarka na Matameye, da abokinka na Mirya da ya ce kwana biyu zai yi ga shi har ya san duk masu shayin unguwar, dukansu 'yan ƙasar waje ne a idon wannan sashe. Ni ma da zan ƙasƙantar da kaina in kwana a gidanka, da sai ka kai sunana. Kuma ka rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Wanda ya ƙi sanarwa, tarar dinari 5,000 zuwa 20,000 ce a kansa. Na san abin da ka yi yanzu, ka taɓe baki ka ce wannan ai kuɗin 'yan kwanaki ne. To bari in faɗa maka da lissafin mutanen garin, su da ke ƙirga kuɗi da santim: miliyan biyu ke nan. Ka ji yadda gabanka ya faɗi? Mutumin da a gida yake lissafi da dala, a can yake yi da santim, in ya kira ni yana yi da naira, ba mamaki kullum littafinsa ba ya daidaita.

Tarar ma ba ita ce abin tsoro ba. A cikin dokar nan dai akwai sashe na 46, kuma a nan zan ajiye wasa kaɗan, ka ajiye kofin shayin ka saurara. Duk wanda ya sauƙaƙa wa ɗan ƙasar waje shiga ko zama ko yawo ko fita ba bisa ƙa'ida ba, ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ne, da tarar dinari 60,000 zuwa 200,000. In mutanen na da yawa, ko aka ga alamar ƙungiya ce, hukuncin hauhawa yake. Kai kuma da kake baƙo a ƙasar, bayan kaso akwai kora. Tsakanin mai masaukin da ya yi sakaci da mai geto, wato mai ɓoye baƙin haure, a idon jami'in da ya buga ƙofa da tsakar dare, ba wani dogon bango ba ne. Abin da zai raba ku shi ne littafin da ka rubuta sunaye da takardar da ke nuna ka sanar. In ba ka da su, ga mutum takwas a ɗaki babu mai fasfo, ga kuɗin kwana a aljihunka, da wane baki za ka ce baƙin Allah ne?

Kuma ka fi ni sanin hanyar. Daga Tamanrasset zuwa In Guezzam kilomita wajen 400, daga nan a sauke mutum a wurin da ake kira Point Zéro, ya taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin ya ga Assamaka. Tun Disambar 2014 ake jera motoci ana mayar da 'yan Nijar gida, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan iyaka a 2024 kaɗai. Ba wanda ya manta Oktobar 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar, yawancinsu mata da yara, galibi daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mutanenku ne, mutanenmu ne. Saboda haka na san abin da ke ranka in mace ta tsaya a ƙofarka da goyo, ta yi sallama da Hausar Damagaram. Duk rowarka ba ka iya rufe mata ƙofa, kuma wannan ne kaɗai dalilin da ya sa ban sayar da kai ba tuntuni. Na kuma san ƙullin da ke ciki: in ka kai sunan wanda ba shi da takarda, kai ka miƙa shi, in ka ɓoye, ka jefa kanka da iyalinka. Ba ni da dabarar da za ta warware wannan ta bar kowa da murmushi. Abin da nake gani dai, kada ka gwama sadaka da ciniki a ɗaki ɗaya. Wanda ba shi da takarda ba abokin ciniki ba ne, kada sisinsa ya shiga hannunka da sunan kuɗin kwana. Ka ba shi ruwa da abinci, ka haɗa shi da shugabannin 'yan Nijar na garin, ka nuna masa ƙaramin ofishin jakadancinku da ke nan Tamanrasset, aikinsu ke nan. Gidan da kake karɓar kuɗi kuwa, mai fasfo da biza ko katin zama shi zai kwana.

To, ɗauki shayinka, mu koma inda muka tsaya, don ban gama da kai ba.

Gidan nan naka ne? Ba naka ba ne. Na Buzu ne. Na tambaye ka yarjejeniyar haya, ka ce ai kun sha shayi zagaye uku kun yi musafaha, kuma Buzu ba ya saɓa alkawari. Na yarda ba ya saɓawa. Amma tun gyaran da aka yi wa dokar mu'amala ta Aljeriya a 2007, haya sai a rubuce, da kwanan wata tabbatacce, in ba haka ba kotu ba ta san da ita ba. Shi ya sa masu hankali ke zuwa wurin notar a buga hatimi. Dokar ta kuma ce ɗan haya ba shi da ikon sa wani a hayar sai da yardar mai gida a rubuce. Kai ka kama hayar baki, kana ba da hayar baki a kan hayar baki. Ranar da Buzun ya gane abin da kake samu a dare uku ya kai abin da kake ba shi a wata, ranar za ka san rawanin nan ba don sanyi kaɗai ake rufe baki da shi ba, har da ɓoye dariya.

Sai maganar izinin sana'ar kanta. Katin zaman da kake ta nuna mana a waya, mai wa'adin shekara biyu, izini ne na kai ka kwana a ƙasar, ba na ka kwanar da wasu ka karɓi kuɗi ba. Ɗan ƙasar waje da zai yi kasuwanci a Aljeriya sai ya yi rajista a hukumar rajistar kasuwanci, CNRC, ya kuma sami katin sana'a na baƙi, wanda wali, wato gwamnan jiha, ke bayarwa. Otal kuwa yana da dokarsa daban, mai lamba 99-01 ta Janairun 1999, da ƙa'idojin da aka sabunta a 2019. Ofishin yawon buɗe ido na jiha ne ke duba gini, wali ya ba da izinin buɗewa, sannan a zo maganar taurari. Na ga a tallanka ka liƙa wa kanka taurari uku. Wa ya ba ka? Ko waɗanda ake hangowa ta ɓular rufin ɗakin baya ka ƙirga?

Kada ka karaya, Manaja, akwai ƙofar da ta dace da tsawonka. A 2012 ma'aikatar cikin gida da ta yawon buɗe ido sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa kan saukar da baƙi a gidajen mutane, don an ga otal ba sa isa, ko a bakin teku da bazara ko a Sahara da hunturu, kuma mutane na ta ba da ɗakuna a ɓoye. Tsarin ba wuya: mai gida ya je baladiya ya bayyana cewa zai riƙa saukar da baƙi, a turo masu dubawa su ga tsafta da lafiyar ginin, a yi inshora, sannan a riƙa sanar da jami'an tsaro waɗanda suka sauka. Amma ka ji wanda na ce, mai gida. Wato Buzunka ne zai shige gaba da takardun gidansa, kai kana biye da jaka. Shawarata ke nan: ka je ka same shi tun bai ji a bakin maƙwabta ba, ka faɗa masa gaskiya, ku rubuta yadda za ku raba, shi da suna da takarda, kai da shara da dafa shayi, ku kuma tambayi ofishin wane izinin aiki ya kamace ka. Na san abin zai yi maka ciwo, daga bawan Kanawa ka koma yaron Buzu. Ka yi haƙuri. Ku da aka ɗauke muku babban birnin ƙasa a 1926 aka kai Yamai kuka haƙura, wannan ba zai gagare ku ba.

Kafin masu dubawa su zo, don Allah ka gyara wasu abubuwa, kada ka ja wa Hausawa abin kunya. Garin nan yana kan tudu, wajen mita 1,400 sama da teku, kuma daren Janairu ba ya wasa. Bargo ɗaya da ka yanka biyu ba bargo biyu ba ne. Hitar gas ɗin nan da kake kunna wa baƙi a ɗaki rufe ruf, ka raba ta da ɗakin ko ka buɗe mata iska. Duk hunturu 'yan kwana-kwanan Aljeriya sai sun yi ta shelar mutanen da hayaƙin hita marar wari ya kashe suna barci, wani lokaci gida guda. Wannan ba zolaya ba ce. Ruwa kuma, tun 2011 aka jawo wa garin bututu daga In Salah, tafiyar kilomita 750, aikin da ƙasa ta zuba wa dukiya mai yawa don mutane su sha su yi wanka. Gwamnati ta jawo ruwa daga wannan nisa, kai ka tsaya a taku biyar na ƙarshe ka sa kwaɗo. An ce buta ɗaya kake ba baƙo, ta alwala da wanka da wankin safa. Ko mu da ake yi wa sharrin son kuɗi ba mu kai nan ba.

Ga wata kuma. Kai ne kullum kake tsokanata da Hisbar Kano, wai mun hana mutane sakat. To a otal-otal ɗin ƙasar da kake zaune, namiji da mace in suka zo neman ɗaki ɗaya, littafin iyali ake tambayarsu, shaidar aure ke nan, kuma kowane baƙo sai ya cika fom ɗin 'yan sanda. Kai da aka tambaye ka, ka ce kana gane ma'aurata da ido, wai in suna faɗa to da aure. Hikima ce, ban musa ba. Ka je ka faɗa wa kwamishinan 'yan sanda haka.

Na ji kuma kana mafarkin Turawa, har ka sa an rubuta maka "barka da zuwa" da harsuna uku a bango, biyu da kuskure. Gaskiya ne tun farkon 2023 Aljeriya ta sauƙaƙa, mai zuwa yawon Sahara yana iya karɓar biza a filin jirgi. Amma ta hannun kamfanonin yawon buɗe ido masu lasisi ake bi. Su ke kai sunaye, su ke tarbo mutum a filin jirgin Aguenar, su ke haɗa shi da ɗan jagora, su kai shi Assekrem inda Charles de Foucauld ya gina ɗakin kaɗaicinsa a 1911, su kai shi Abalessa ya ga kabarin Tin Hinan, su dawo da shi. Tun da aka sace Turawa 32 a Saharar Aljeriya a 2003 hukuma ba ta sake barin baƙo farar fata ya yi yawo yadda ya ga dama ba. Bature ba zai faɗo gidanka daga sama ba. In kana son ka ga ƙeyarsa, sai kamfani ya san da kai, kamfani kuwa ba zai kai baƙonsa gidan da ba shi da takarda ba, don lasisinsa yake karewa. Ka ga ashe takardar da kake gudu ita ce tallan da ya fi hoton dutse.

Wani abu kuma da na ji ƙishin-ƙishin ɗinsa, ina fata ƙarya ce: wai ana zuwa wurinka neman takardar shaidar masauki, wadda ake bugawa hatimi a baladiya a kai ofishin jakadanci a nemi biza, kai kuma kana tunanin mayar da ita haja. Kul! Sa hannu a wannan takarda cewa ne mutumin a gidanka zai sauka, kai ka san shi. In ya shigo ya ɓace, sunanka ne a ofis. Ka sa wa wanda za ka iya kwatanta gidan ubansa, sauran ka ce musu biro ya ƙare.

Kada ka ce Aljeriya ce ta cika tsanani. A New York, tun Satumbar 2023, mai ba da hayar ƙasa da kwana 30 sai ya yi rajista da hukumar birni, sai yana cikin gidan tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu. A Paris gidan da kake zaune ciki ba ka ba da shi fiye da dare 90 a shekara, da 120 ne aka rage. Magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya ce zuwa Nuwambar 2028 za a soke lasisin gidaje kusan 10,000, don 'yan gari sun rasa wurin zama. Ko Makka da kake ta cewa in ka tara kuɗin katifa za ka je, a 2025 Saudiyya ta shelanta tarar da ta kai riyal 100,000 ga wanda ya ba mai bizar ziyara masauki a lokacin aikin Hajji. Tambayi takari su ba ka labari. Mu ma nan ba a bar mu ba: tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 jihohi ke da ikon rajistar otal da masaukai a Najeriya, kuma ba zan rantse maka cewa duk Bakanon da ya mayar da gidansa na Nasarawa masaukin 'yan biki ya je ya yi ba. Amma Bakano in ya ga hukuma ta taho, kafin ta iso ya riga ya yi fotokwafi uku ya sa a leda. Kai kuwa sai ka tsaya kana ba jandarma tarihin Sarkinku Tanimun.

Abin da ya fi ba ni haushi, kuna da suna mai kyau a garin. Naman da ake layi a saya a Tamanrasset, wanda mutanen Aljiyas ke komawa gida suna ba da labarinsa, mainama suke ce masa, hannun Hausawa ne. Magina da teloli da masu gyaran takalmi, da yawa naku ne, da guminsu suke ci. Samame ɗaya a gida irin naka ya isa a ce duk haka suke, a bi unguwa gida-gida, wanda bai ji ba bai gani ba ya tsinci kansa a bayan mota. Ba kanka kaɗai ka ɗora a faranti ba.

Saboda haka ga umarnin ubangida. Yau ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ba irin na 'yan makaranta da kake yage wa takarda kana ƙunsa sukari ba. Ka ja layi: suna, ƙasa, lambar fasfo, ranar sauka, ranar tashi. In rubutun zai ba ka wuya, ɗiyarka ta fi ka karatu, ka ba ta, ka kuma biya ta. Duk baƙon da ya sauka, kafin rana ta zagayo ka kai sunansa komsariya, su ba sa rufewa. Ofisoshin gwamnati kuwa Juma'a da Asabar suke hutu, don haka ranar Lahadi da sassafe ka sa babbar rigar nan taka guda ɗaya, ka ɗauki Buzunka, ku fara da notar, ku wuce baladiya, ku ƙare a ofishin yawon buɗe ido. Ka tambayi abin da za ka riƙa biya na haraji tun kafin su tambaye ka. Hoton Assekrem kuma ka bar shi in kana so, amma ka rubuta kilomita 80 a ƙarƙashinsa.

Ladan wannan shawara kwali biyu ne na dabino, mai laushi, ba busasshen nan da kake aiko wa surukanka ba. Ka ba direban Agadas ya miƙa wa na Zinder, na Zinder ya san shagona. In kuma kana da bakin ramawa, filin nan a buɗe yake mako mai zuwa. Ka nemi Bakano a nan Tahaggart ya rubuta maka, zan biya shi.